Shekarun Yaya Mandok

Mun gama shanya tafarnuwa ke nan, a watan bakwai, mai unguwa ya kunna lasifika ya ce gwamnati ta gyara doka. Tallafin haƙoran roba, wanda a da sai mutum ya cika saba'in da biyar yake samu, yanzu ya sauko saba'in. Sau uku ya maimaita, domin a nan Dolmok ba mai jin magana a karon farko.

Mijina, Bong Gilsu, ya cika saba'in a bazarar shekarar. Haƙoransa bakwai suka rage. Ya tsaya a tsakar gida ya saurara har aka kashe lasifikar, sannan ya ce, "Madalla. Yaya Mandok zai ci nama."

Bai ce shi zai ci nama ba. Haka yake.

Pyo Mandok maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ba ɗan garin nan ba ne. Daga wani tsibiri ya zo, shekara arba'in da shida kafin wannan lokaci, da jaka ɗaya da tukunya. Ranar da ya sauka aka tambaye shi shekarar haihuwarsa, yadda ake tambayar kowane baƙo kafin a san inda za a zaunar da shi, ya ce shekarar Tunkiya, domin a nan kowace shekara da sunan dabbarta. Mijina ɗan shekarar Zakara ne, wato Mandok ya ba shi biyu. Nan take Gilsu ya rusuna ya ce masa Yaya, ya karɓi tukunyar. Tun daga ranar da hannu biyu yake zuba masa giyar shinkafa, in zai sha tasa ya kau da kai gefe, in za a yi feshi a fara da gonar Yaya. Ni kuwa da aka kawo ni, aka nuna mini Malja matar Mandok aka ce ga yayarki. Na girme ta da shekara uku, amma mace a matsayin mijinta take tsayawa. Shekara arba'in da uku ina ce wa yarinyar nan Yaya. In ana haɗa kimchin hunturu, kabejin nan da ake jiƙawa da gishiri da barkono a ajiye, ita ke ɗanɗanawa ta ce gishiri ya ji ko bai ji ba, ni ke wankin kabeji a ruwan sanyi.

Haƙoran Mandok huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, kuma babu wanda yake saitin wani. Shekara biyar awara da kunun shinkafa ne abincinsa. Amma da Gilsu ya je masa da albishir, sai ya ce gwiwarsa na ciwo. Mako na biyu ya ce da alamar hadari. Mako na uku ya ce shi dai ba ya cin sadakar gwamnati.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa. Lokacin da ya ce ya cika sittin da biyar aka ce ya je ya yi rajistar kuɗin tsofaffi, haka ya ce. Shekara huɗu yana faɗa a zauren tsofaffi, har wasu suna jin kunyar karɓar nasu. Daga baya ya fara karɓa a ɓoye, ya ce Malja ce ta dame shi.

"To shi ke nan," in ji mijina. "Ni ma na fasa. Ba zan sa haƙori Yaya yana shan kunu ba."

Ni ce mai girki, kuma na gaji da dafa komai har ya narke. Na leƙa ta katanga na ce, "Yaya Mandok, ko rakiya ka yi masa. Ka san shi, in ba ka shiga motar ba ba zai shiga ba."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. "Rakiya kawai," ya ce.

Mu huɗu muka shiga bas ɗin safe zuwa cikin gari. Asibitin haƙorin cike yake, rabin mutanen 'yan garinmu ne da na ƙauyen gaba, duk wanda lasifika ta kai wa labari. Matar da ke rubuta sunaye ta saba da tsofaffi, don haka ba ta magana sai da ihu. Gilsu ya miƙa katinsa, ta duba, ta ce ya cancanta, ya shiga layi.

"A'a," in ji shi. "Ki fara sa yayana."

"Na manta katina a gida," in ji Mandok daga bakin ƙofa.

"Ba komai, Baba! Ka taɓa zuwa nan?"

"Ai nan aka cire masa turamensa," in ji mijina. "Pyo Mandok, daga Dolmok."

Ta daddanna kwamfuta. Mandok ya juya zai fita, amma wata tsohuwa da keken turawa ta tare ƙofar.

"Baba Pyo Mandok! Kai sittin da takwas ne! Da sauran shekara biyu!"

Sai wani tsoho ɗan ƙauyen gaba ya ce, "Me ta ce?" Na kusa da shi ya maimaita masa a kunne, da ƙarfin da ya fi nata.

Mandok ya dawo tsakiyar ɗakin a hankali, ya gyara wuyan rigarsa. "Babana ne ya makara wajen yi mini rajista," ya ce. "Kun san zamanin."

Mun san zamanin. A lokacin ba a hanzarin rubuta jariri sai an ga zai zauna, kuma ofishi nesa yake. Mutane suka gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba. Makarar shekara ɗaya an saba ji, biyu ma ana ji. Huɗu kuwa sai uban da ya manta yana da ɗa.

Mijina bai yi wannan tunanin ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma da gwamnati. Ya karɓi katinsa ya ce ba za a auna bakinsa ba sai an gyara zaluncin da aka yi wa yayansa. Daga nan muka wuce ofishin gunduma, inda wani ma'aikaci ya ce kotu tana iya gyara shekarun haihuwa in akwai hujja, kuma a fara da neman wanda ya ga haihuwar.

"A bar maganar nan," in ji Mandok. "Duk sun mutu."

"Gwaggonka fa, ta tsibiri?" in ji Gilsu.

"Ta rikice. Ba ta gane kowa."

"Shekaranjiya ta bugo waya," in ji Malja, tana duba cikin jakarta. "Ta ce an canza lokacin jirgi, na safe ƙarfe tara yake tashi yanzu."

Mandok ya kalli matarsa. Ita ba ta ɗago ba.

Ranar Laraba muka shiga jirgin ƙarfe tara. Gilsu ya saya wa gwaggon lemo da madarar waken suya, kuma 'yarmu Miran ta koya masa ta waya yadda ake ɗaukar murya. Duk tsawon hanyar yana gwadawa. Mandok yana zaune a waje cikin iska, hula a hannu.

Gwaggo Bunrye, ƙanwar baban Mandok, shekararta casa'in da uku. Mun same ta a dandamalin ƙofar ɗakinta tana cire kan busassun ƙananan kifi. Ta gane kowa, har ni da ta gani sau ɗaya a bikin Dongchol, ɗan Mandok da Malja. Ta ce na yi ƙiba.

Gilsu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye wayar a gabanta, ya yi bayani.

"Takardar Mandok?" in ji ta. "Ai ƙarya ce takardar nan."

Mijina ya waigo ya kalle ni, irin kallon nan na kin ji ko.

"Gwaggo, ki faɗa da ƙarfi don wayar ta ji. Wace shekara aka haife shi?"

"Shekarar Ɓera. Ranar da aka yi ƙanƙarar farko. Ni na dafa ruwan."

Gilsu ya fara ƙirga dabbobin da yatsunsa: Tunkiya, Biri, Zakara, Kare, Alade. Ya tsaya a kan Alade, domin ita ce a takarda. Ɓera tana bayanta.

"Gwaggo," in ji Mandok, "Alade ce."

"Na shekarar Alade yayanka ne. Shi ne Mandok. Babanku ya je har ofishi ya rubuta shi, bai kai wata biyar ba ƙyanda ta ɗauke shi. Da ka zo a shekarar da ta biyo, jirgi sau ɗaya yake zuwa a wata, ga takarda a ajiye ba mai amfani da ita. Sai aka ba ka." Ta cire kan wani kifin ta jefa a kwano. "Ba a gaya maka ba?"

"A'a."

"To uwarka ba ta son maganar. Yana can bayan gidanku na da, ƙarƙashin duwatsun nan uku. Kai ma kana zama a kansu kana ƙarami."

Wayar tana nan tana ɗauka. Ni ma 'yar shekarar Ɓera ce, kuma a bazara aka haife ni, kafin ƙanƙara da wata takwas. Na yi wannan lissafin a zuciyata, na bar shi a can, domin fuskar Mandok ba ta mai iya ɗaukar ƙari ba ce.

Ya tashi ya fita ba hula. Muka hango shi ta saman katanga yana hawan tudu zuwa kangon gidansu. Ya fi rabin awa a can. Gwaggo ta ba mu shinkafa da miyar ganyen teku, ta tambayi Gilsu ko lemon nan mai tsami ne, don in mai tsami ne ya koma da abinsa.

A jirgin dawowa mu huɗu muka zauna a benci ɗaya muna kallon ruwa. Sai da tsibirin ya ɓace Mandok ya yi magana, ba tare da ya kalli kowa ba.

"Ranar da na sauka Dolmok, na tarar da maza zaune a gindin bishiya, suna aiken wani mai shekaruna ya sayo musu taba. Da ya dawo suka sake aikensa ashana. Ba ni da uba a garin, ba ni da wa. Na ce in na faɗi gaskiya, ni ne ɗan aike har in mutu. Sai na ƙara huɗu. Na yi niyyar in gyara bayan mako guda." Ya murza hularsa. "To sai ka ce mini Yaya, ka ɗauki tukunyar. Ba wanda ya taɓa ɗaukar mini komai. Na ce bari in bari sai wani makon."



Mandok ya miƙe tsaye, jirgin na tangal-tangal, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya ya rusuna. "Yaya Gilsu," ya ce.

"Kada ka sake," in ji mijina. "Zauna kafin ka faɗa ruwa."

Da muka isa gida ya goge muryar daga wayar. Bai iya gogewa ba sai da ya bugo wa Miran, don haka ita ma ta ji, kuma abin da Miran ta ji mai unguwa ya ji, domin 'yarsa ƙawarta ce. Amma kotu dai ba a je ba. In aka gyara takardar, shekara uku zai jira maimakon biyu.

Washegari na sami Malja a bayan gida tana shanya barkono.

"Kin sani?" na ce.

"Tun ranar da aka rubuta aurenmu. Na ga katin."

"Kika bar ni shekara arba'in da uku ina ce miki Yaya."

"Da farko tsoro nake ji in faɗa. Daga baya kuma na ga kin iya wankin kabeji." Ta baza barkonon da tafin hannu. "Na Ɓeran ne ban sani ba. Wannan ni ma an cuce ni shekara ɗaya."

"Me ya sa kika tona maganar jirgi a ofis?"

"Na gaji da dama kunu, Maman Miran. Na zaci in tsohuwar ta yi masa ƙarya kotu za ta yarda. Ban san ba ta iya ba."

Ban taɓa jin ta kira ni Maman Miran ba tare da ta haɗa da aike ba. Na ce daga yau ni ce Yaya. Ta ce to, Yaya. Ta faɗe shi da sauƙin da ya ɓata mini rai. A hunturun shekarar ni na ɗanɗana kimchi, ita ta wanke kabeji. Gishirin ya yi yawa, duk gidajen biyu muka ci shi a haka har bazara, ba wanda ya ce uffan.

Na maza ne ya ƙi warwaruwa. A zauren tsofaffi aka mayar da matashin zaman Mandok daga kusa da bango mai ɗumi zuwa kusa da ƙofa, tsakanin mutum biyu da ya sha yi wa faɗa a kan rashin ladabi. Aka yi taro ko za a sake yi masa bikin cika saba'in in lokacin ya zo, tunda an riga an ci na farko. Aka tashi ba a yanke ba. Wasu suka daina gaishe shi da farko, suna tsayawa su ga ko zai fara. Yana farawa.

Shi da Gilsu kuwa suka rasa sunan da za su kira juna. Gilsu ba zai iya cewa Mandok gatsau ba, bakinsa ya ƙi. Kalmar Yaya kuma ta tashi daga aiki. Sai suka koma magana ta bakinmu. Mijina ya tsaya a gindin katanga ya ce, "Maman Miran, ki gaya wa maƙwabta gobe zan yi feshi." Daga can ɓangaren, taku uku tsakani, Mandok ya ce, "Maman Dongchol, ki ce a fara da tasu." Ranar ba a yi feshin ba. Washegari ma haka. Ni da Malja muka goya tankin muka yi, muka fara da wadda ta fi kusa da famfo.

A wata na tara Gilsu ya karɓo haƙoransa, bayan na ce in bai je ba zan koma gidan Miran. Sun yi masa kyau, sun rage masa shekara goma. A cikin gida yake sa su. In zai fita, sai ya cire ya sa a kofi, don kada ya haɗu da Mandok a hanya.

Da safen bikin kaka, lokacin da kowane gida ke jera abinci wa magabata, Malja ta leƙo ta ce mu shigo in mun gama namu. Mun tarar Mandok ya kafa ƙaramin tebur a gefen na iyayensa. Ba a yi wa jariri wannan, kowa ya sani, shi ma ya sani. A kan teburin akwai ɗan kwanon kunu da ɗan kofin ruwa. Ya tambaya ko wani zai rubuta masa sunan a takarda. Bai ce wane ba, amma mijina ne mai kyawun rubutu a garin.

Gilsu ya zauna ya rubuta Pyo Mandok, ya jingina takardar a bango. Mandok ya tsaya yana kallon sunansa. Sannan ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu, da gwiwar nan tasa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya tashi, mijina ma ya durƙusa ya yi.

"Ashe dai akwai Yaya Mandok," in ji Gilsu a hankali. "Shi na yi ta gaisarwa ke nan."

"Shi ma ka girme shi da biyu," na ce.

Ba wanda ya kula ni. Mandok ya share fuska da hannun riga, ya ɗauko tulun giya. Kowannensu ya zuba wa ɗayan da hannu biyu, kowannensu ya kau da kai ya sha, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Daga ranar suka koma magana kai tsaye. Kiran suna dai babu. In ɗaya na son ɗaya sai ya yi gyaran murya.

Da watan bakwai ya zagayo, mai unguwa ya sake kunna lasifika ya ce an ƙara gyara dokar, yanzu daga sittin da biyar ne. Sau uku ya faɗa. A na ukun ya ƙara da cewa wannan karon ta haɗa da kowa da kowa a Dolmok, ko da wace takarda mutum yake amfani.

Mandok ya shiga bas ɗin safe da katinsa a aljihun gaba. Ni da Malja ma muka bi, tunda dokar ta hau kanmu, ko da yake nawa ba su kai ga haka ba. Matar nan mai ihu ta duba kwamfuta ta ce, "Baba Pyo Mandok! Ka cancanta!" Ya ce ya ji.

Ranar da aka sa masa haƙoran Malja ta sayo haƙarƙarin sa, muka gasa a tsakar gidansu da rana tsaka. Aka jera komai, muka zauna mu huɗu. A teburi babba ne ke fara ɗaga cokali. Mandok ya ɗora hannuwansa a cinya yana jiran Gilsu. Gilsu ya ɗora nasa yana jiran Mandok. Kowanne da sababbin haƙora a baki, suna kallon nama yana hucewa, kitsen yana daskarewa. Ɗaya ya yi gyaran murya, ɗayan ma ya yi.

Malja ta kalle ni. "Yaya, ki fara," ta ce.

Na ɗauki cokali na fara. Ita ta biyo, sannan su biyun a tare.

Har yau haka muke ci in mun haɗu. A duk Dolmok gidajenmu biyu ne kawai mace ke fara cin abinci, kuma na ji ana maganar a zaure.